Abin da na gani a littattafan 'yan makarantar Indonesiya

Ni dai asali rakiya na yi. Yayana ne yake fataucin yadi da hijabai da kayan yara, ya daɗe yana saro kaya a kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta, to da dogon hutun 2024 ya kama sai yace in zo in taya shi lissafi da ɗaurin kaya tunda makaranta a rufe take. Ni malamin Hausa ne a sakandare, kuma malami duk inda ya je idonsa na kan yara da littafin da ke hannunsu, shi yasa wannan labarin nawa ba na farashin yadi bane.

Mun sauka filin jirgin Soekarno-Hatta cikin watan Agusta, gari duk ya sha tutoci ja da fari saboda bikin 'yancin kai na ranar 17 ga wata, wanda Sukarno, shugabansu na farko, ya yi shelarsa a 1945. Jakarta kam sai wanda ya gani, cunkoson motoci ba a magana, ga 'yan acaɓa masu koren riguna da ake kira ta waya, ga zafi mai sa gumi tun da farar safiya. Indomie ɗin nan da yaranmu ke kuka a kanta ma asalinta 'yar can ce. Amma abin da ya fara ɗaukar hankalina shine kayan makaranta: 'yan firamare farar riga da jan wando ko siket, 'yan ƙaramar sakandare fari da shuɗi mai duhu, manya kuma fari da ruwan toka, da ka hango yaro daga nesa ka san matakin da yake.

Ƙasar nan fa tsibirai ce sama da 17,000, mutane sun haura miliyan 270, harsuna fiye da 700. Yaron Java da harshensu yake tashi, na Sunda da nasu, na Minang da nasu. Amma tun ranar 28 ga Oktoba 1928, lokacin ma Turawan Holan na mulki, matasansu suka taru suka yi rantsuwa cewa ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshen haɗin kai ɗaya, suka ɗauko harshen Malay na 'yan kasuwar gaɓar teku duk da Jawawa sun fi kowa yawa. Dan haka darasin harshen Indonesiya a makaranta ba nahawu kawai bane, a nan ake ƙoƙarin ƙera ɗan ƙasa. Wannan ne yasa da muka gama ɗaurin kaya nace wa Yaya ya bani dama in leƙa Yogyakarta, wadda suke cewa Jogja, akwai ƙanen wani abokina da yake digiri na biyu a can kuma harshen ya zauna a bakinsa sosai.

Daga tashar Gambir na hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan yini, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, manoma da malafa mai tsini, ƙananan masallatai birjik a ƙauyuka. Yaron ya tare ni a tashar Tugu, washegari ya fara kai ni gidan Ki Hajar Dewantara wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Shi ne ya kafa makarantun Taman Siswa a 1922 dan 'ya'yan talakawa da Turawa suka hana ilimin kirki, ranar haihuwarsa 2 ga Mayu ita ce ranar ilimi ta ƙasa. Koyarwarsa ga malami uku ce: in kana gaba ka zama abin koyi, in kana tsakiya ka zaburar, in kana baya ka ƙarfafa gwiwa. Ta ukun har yau tana jikin tambarin ma'aikatar iliminsu. Gidan ba wani ƙasaitacce bane, ga keken rubutunsa, ga gadonsa, ga littattafai cikin kabad na gilashi, shikenan.

Inda na fi daɗewa ita ce kasuwar littattafai da ke kusa da Taman Pintar, wurin wasa da koyon kimiyya na yara, ba nisa da kasuwar Beringharjo. Shaguna ne a jere, sabo da kwance, an tula har rufi. Na sa yaron ya tambayi wani dattijo mai shago ko yana da littafin koyon karatu na zamanin da, mutumin ya yi dariya ya shiga ciki ya zaƙulo wani da takardarsa ta yi ja, ya buɗe yana karantawa da ka ba ma ya duba shafin: wannan Budi ne, wannan babar Budi ce, wannan baban Budi ne. Yace duk wanda ya yi firamare zamanin mulkin tsohon shugaban ƙasa Suharto da Budi ya koyi haɗa baƙi, da yayarsa Wati da ƙanensa Iwan. Na duba hotunan da kyau. Gida ɗaya, uba da uwa da 'ya'ya uku, uwa tana kicin ko kasuwa, uba yana wurin aiki ko yana zaune da jarida, kowa tsaf-tsaf, kuma a ƙasa mai harsuna 700 wannan gida guda shi aka nuna wa kowa a matsayin gidan ɗan ƙasa.

Sai ya ɗauko na manhajar 2013 ya ajiye kusa da shi. A nan an sallami Budi, an kawo yara shida abokan juna: Udin, da Beni ɗan ƙabilar Batak, da Edo baƙi mai murɗaɗɗen gashi ɗan Papua, da Dayu 'yar Bali inda mafi yawa 'yan Hindu ne, da Lani mai asalin Sin, da Siti da hijabinta. Wanda bai san tarihi ba zai ce ai zane ne kawai na yara. Amma a 1982 gwamnati ta fitar da dokar kayan makaranta da ta sa aka riƙa korar 'yan mata masu hijabi daga makarantun gwamnati, sai a 1991 aka sassauta. 'Yan asalin Sin kuma tun 1967 aka hana su yin bukukuwansu a fili, a tarzomar Mayun 1998 da ta yi awon gaba da mulkin Suharto su aka fi ƙona wa shaguna, sai shugaba Abdurrahman Wahid ne ya ɗage haramcin a 2000. To kun ga Siti da Lani zaune a benci ɗaya cikin littafin gwamnati ba ƙaramar tafiya aka yi kafin a zo nan ba. Wallahi na daɗe ina juya shafukan nan biyu, dattijon har ya miƙo min kujera yace "Pak, zauna mana", Pak shine kamar malam ko baba a wajensu. Na saya duka biyun.

Ta hanyar wata malama da yaron ya sani a masallacin unguwarsu muka samu izinin shiga wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a gefen gari. Kafin ƙarfe bakwai malamai sun jeru a bakin get, duk yaron da ya zo sai ya kama hannun malami ya kai goshinsa ko kuncinsa sannan ya wuce. Ni ma da suka ga ina tsaye cikin malamai haka suka riƙa yi min ɗaya bayan ɗaya, abin ya taɓa min zuciya gaskiya. A kowane aji an manna jadawalin masu shara, babu wani ma'aikaci da zai share musu aji. Kafin a fara darasi kuma akwai minti 15 na karatu, kowa ya ɗauko littafin da ba na darasi ba ya karanta, wannan tsari ne da ma'aikata ta kawo tun 2015. Wasu da gaske suke karatun, wasu na ga shafi ɗaya suka buɗe har lokaci ya cika, yaro dai yaro ne ko a ina.

Akwai wani tebur a baranda da aka jera biskit da alawa da biro, ga akwatin kuɗi a buɗe, babu mai tsaro. Kantin gaskiya suke ce masa, ka ɗauka ka saka kuɗi ka ɗauki canjinka da kanka. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar da ofishin babban lauyan gwamnati ne suka yaɗa shi a makarantu. Ina tsaye wata yarinya ta ɗauki biro ta saka takardar kuɗi, ta tsaya tana ƙirga canji a tafin hannunta, ta ga ta ɗauki fiye da nata ta mayar da ɗaya, kuma ba ta san ina kallo ba. Malamar tace min a makarantu da yawa irin wannan kantin ya karye saboda kuɗin ba sa cika, nasu ma sun sha cike giɓi daga aljihunsu amma sun ƙi rufewa.

Darasin da na zauna a ciki na tatsuniyar dabbobi ne. Gwarzon tatsuniyoyinsu wata 'yar ƙaramar dabba ce mai kama da gada, Kancil, ita ce Gizonsu, wayo kamar me. Labarin da aka karanta shine wanda take son tsallake kogi ta ce wa kadoji sarki ya aiko ta ƙirga su za a raba nama, suka jeru ta bi ta bayansu tana ƙirgawa har ta haye ta gudu. Yara suka yi ta dariya. Sai aka zo tambayoyin ƙasan shafi, kuma duk littattafan da na duba kusan tsarin ɗaya ne: waye tauraro, ina abin ya faru, yaya labarin ya gudana, sannan tambaya ta ƙarshe wadda ba ta taɓa ɓacewa, wane darasi ka koya. Yara suka amsa baki ɗaya da muryar hadda, wai mu yi amfani da hankali wajen warware matsala. Ni a raina nace to ga irin tamu nan, amsar da yaro ya san malami na so.

Amma malamar nan, Bu Guru suke ce mata wato malama, ba ta tsaya nan ba. Ta ajiye littafin tace to wa zai yarda abokinsa ya yi masa abin da Kancil ta yi wa kadoji? Aji ya yi tsit, can wani yaro daga baya yace ai ƙarya ta yi, wata tace in ba ta yi ƙarya ba cinye ta za su yi, wani yace ai ba korar ta aka yi ba kwaɗayin 'ya'yan itacen tsallake ne ya kai ta. Nan fa aji ya kaure, mai fassara ta ma ya kasa bin su. Har aka kaɗa ƙararrawa ba a gama ba, kuma ba ta rubuta musu amsa a allo ba. Ni a ganina wannan minti goman na gardama ya fi duk jerin kyawawan halaye da aka manna a bangon ajin amfani, domin a nan ne yaro ya auna ƙarya da kansa, da bakinsa, a gaban abokansa.

Jerin kuwa akwai shi. A ofishin malamai, ana ta miƙo min shayi mai zaƙi da soyayyar ayaba, malamar ta lissafa min. A 2017 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar shirin ƙarfafa tarbiyya, shiri mai ginshiƙai biyar: riƙon addini, kishin ƙasa, dogaro da kai, aikin gayya, da riƙon amana. A 2022 minista Nadiem Makarim, wanda shi ya kafa kamfanin Gojek na 'yan acaɓan nan, ya kawo sabuwar manhaja mai suna Merdeka da siffofi shida na ɗalibin Pancasila, wato aƙidun nan biyar da aka gina ƙasar a kai. Tace suna da wata magana da kowane malami ya sani, a sauya minista a sauya manhaja. Wani dattijon malami da ke gefe ya sa baki yace su a zamanin Suharto darasi guda aka ware na tarbiyyar Pancasila, sun haddace shi tsaf sun ci jarrabawa, amma kuma a wannan zamanin ne cin hanci ya yi katutu a sama. Yace "Pak, hadda ba ta hana hannu ɗauka". Bani da abin cewa, dan mu ma mun san wannan.

Kukan da suka fi yi shine na gutsure. Littafin darasi ba ya kawo labari cikakke, sai dai shafi ɗaya ko biyu daga littafin marubuci, sai tambayoyi, yaro ya gama sakandare ya san sunayen marubuta da shekarun da suka yi rubutu amma bai taɓa karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Mawaƙinsu Taufiq Ismail ya daɗe yana wannan ƙorafin, yana cewa adadin littattafan adabi da ake wajabta wa ɗan sakandarensu sifiri ne. A watan Mayun 2024, 'yan watanni kafin zuwana, ma'aikata ta fitar da jerin littattafai 177 da take ba malamai shawarar su yi aiki da su a aji, sai ga ƙura ta tashi, ƙungiyoyin addini irin su Muhammadiyah suka ce wasu littattafan akwai batsa da tashin hankali, wasu marubuta kuma suka ce littafin jagorar cike yake da kurakurai, dole aka janye jagorar dan a gyara. Na fahimci damuwar iyaye ƙwarai, ni ma uba ne, akwai abin da ba zan miƙa wa ɗan aji ɗaya ba. Amma kuma labarin da babu mugu a ciki, babu jarrabawar rayuwa, kowa salihi tun daga shafin farko, ban ga me yaro zai koya a ciki ba.

Daga Jogja na koma Jakarta, Yaya yace tunda abin ya kai haka mu je Padang tare, dama yana son ganin masu saƙa da ɗinkin surfani na yankin Minangkabau. Jirgin sama muka bi zuwa Sumatra ta Yamma. Abincinsu kam sai dai a yi shiru, ana zama za a jero maka ƙananan faranti sun fi goma, wanda ka taɓa shi za ka biya, ga naman rendang da aka dafa da madarar kwakwa har ya yi baƙi. Mutanen Minang Musulmi ne na gaske amma gida da gona ta wajen uwa ake gadonsu, namiji kuwa in ya tasa ana sa ran ya fita neman arziki wata ƙasa.

Da yamma muka hau gadar Siti Nurbaya da ke kan kogin Batang Arau, masu gasa masara da ayaba sun jeru, jiragen ruwa na kamun kifi a ƙasa. Sunan gadar daga littafin Marah Rusli ne na 1922, labarin yarinyar da ta auri wani tsohon attajiri azzalumi, Datuk Meringgih, dan kar a ɗaure mahaifinta saboda bashi, alhali tana da saurayinta Samsulbahri da ya tafi karatu. Har yau in iyaye suka matsa wa yarinya kan miji sai tace ai yanzu ba zamanin Siti Nurbaya bane, ko wadda ba ta taɓa buɗe littafin ba ta san wannan maganar. A 2019 ma sun ɗaga shekarun auren mace a doka daga 16 zuwa 19. Kamfanin da ya buga littafin, Balai Pustaka, Turawan Holan ne suka kafa shi dan su samar wa 'yan ƙasa abin karantawa wanda ba zai tayar musu da hankali ba, abin ya tuna min da hukumar talifi ta Zariya da gasar da Rupert East ya shirya a 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ga wani abu da ɗan gutsuren littafin darasi ba zai nuna maka ba: a ƙarshen labarin, mugun attajirin nan shi ne yake jagorantar boren ƙin biyan harajin Turawa, saurayin kirkin kuma ya shiga sojan Holan ya zo murƙushe boren. Yaron da aka ba shafi biyu zai rubuta auren dole ba kyau ya ci makinsa. Wanda ya karanta duka dole ya tambayi kansa me yasa aka ɗora wa mai adawa da Bature rigar mugu, kuma wa ya biya kuɗin buga littafin.

Washegari muka je bakin tekun Air Manis wajen dutsen Malin Kundang. Tatsuniya ce da babu ɗan firamaren da bai sani ba: ɗan wata matalauciya ya tafi neman arziki, ya yi kuɗi ya auri 'yar manya, ya dawo da jirgin ruwansa, uwar ta rugo da tsummokaranta ta rungume shi, ya ture ta yace bai san ta ba, ta ɗaga hannu ta yi masa baki, hadari ya farfasa jirgin shi kuma ya zama dutse. Siffar mutum ce a kife ya kai goshi ƙasa, ga igiyoyi da gangunan jirgi a gefe, masu sassaƙa ne suka yi ta a shekarun 1980 amma hakan bai hana iyaye kawo 'ya'yansu ba. Na ga wata uwa ta riƙo kunnen ɗanta da wasa tana nuna masa.

Direban da ya kai mu, wanda ya ɗan iya Larabci saboda ya yi karatun pesantren, irin makarantun kwana na addini, da shi muka yi ta lallaɓa hira. Yace 'yarsa da ke babbar sakandare an ba su aikin gida su sake rubuta labarin, ita sai ta rubuta cewa uwar ta yafe, wai uwa ta gaske ba za ta so ɗanta ya zama dutse ba, kuma shi Malin talauci ne ya kore shi daga gida tun farko. Yace kakarta da ta ji faɗa ta kama yi, tace yaran yanzu so suke su cire wa labari haƙora, in babu tsoron bakin uwa me zai dawo da ɗan da ya tafi Jakarta ko Malesiya? Yarinyar kuma tace ita tana so ta dawo ne dan tana son uwarta ba dan tsoron zama dutse ba. Yace ranar har aka kwashe kwanukan abincin dare ba su daina ba, shi dai ya rasa bayan wa zai bi dan duk biyun yana ganin gaskiyarsu.

Nace masa "Uda, to malamin nawa ya ba ta?" Haka ake kiran babban namiji a can. Yace maki mai kyau ta samu, har malamin ya sa ta karanta a gaban aji, sannan ya raba ajin biyu, masu goyon bayan tsohon ƙarshe da masu goyon bayan sabo. Yaya da ke gaban mota yana jin ana fassara masa yace shi kam yana bayan kaka ɗari bisa ɗari, ni nace a bar yarinya da alƙalaminta tunda ba ta ce a raina uwa ba, muka ɗauko tamu gardamar da Hausa tun daga bakin teku har cikin gari, direba na ta dariya duk da ba ya jin ko kalma ɗaya. Da la'asar ya sauke mu a wani shagon littattafai na sayi cikakken littafin Siti Nurbaya da na tatsuniyoyin lardunansu, yaron Jogja ya yi alkawarin zai riƙa fassara min babi-babi yana turowa ta WhatsApp.